Sai Lalle

Ladan bai sayi filin nan a ɓoye ba, kada wani ya ce haka. Da rana tsaka aka yi cinikin a gefen Sharaɗa, gaban mai unguwa da shaidu, aka raba goro aka shafa fatiha. Mai sayarwar, Malam Idrisu, ya ce gonar mahaifinsu ce kuma shi kaɗai ya rage. Yana da wa, Uwaisu, amma ya tafi hajji a ƙafa tun zamanin Turawa, ba shi ba labarinsa. Har sadakarsa an yi.

A lokacin Ladan yana aiki a masaƙa, ƙarar injin ta riga ta fara cin kunnensa. Ranakun hutu ya yi tubali da hannunsa, ya tayar da ɗaki biyu da zaure, ya je ƙauye ya ɗauko matarsa Zuwaira. A nan ta haifi 'yar fari, wadda ta koma tun kafin ranar suna. A ƙauyensu jariri irin wannan ba a kai shi maƙabarta, a bayan ɗakin uwarsa ake sa shi. Abokan aiki suka ce, "Ladan, nan fa birni ne." Ya ce gidansa ne, wa zai tashe shi? Ya haƙa da kansa. Zuwaira ta dasa lalle a wurin, kullum da safe ta zuba masa ragowar ruwan butarta. Ba ta sake haihuwa ba.

Ana nan, kamfanoni suka fara cinye gonakin Sharaɗa, ƙasa ta yi daraja. Sai ga Uwaisu ya dawo daga Sudan, tsoho tukuf, bakinsa rabi Larabci, ba shi da komai sai buzun salla. Ba mugu ba ne, yunwa ce ta koro shi gida. Wani dillali ya kama hannunsa har gaban alƙali.

Alƙali bai wahala ba. Gado ne ba a raba ba, Idrisu ya sayar da nasa da na ɗan'uwansa. Ciniki ya tsaya a kason Idrisu kaɗai. Don tausayi, ya ce a bar wa Ladan ɓangaren da gini yake, Uwaisu ya ɗauki ɗayan. Aka fito da igiya aka auna, ta bi ta jikin bangon ɗakin Zuwaira, ta bar lallen a waje.

Da aka koma zaman kotu alƙali ya dube shi. "Malam Ladan, akwai wani abu naka a wancan ɓangaren? Rijiya, rumbu, ko wani abin? Faɗa yanzu kafin in rufe magana."

Zauren kotun cike yake da dattawa, har da ƙanin mahaifin Ladan da ya rako shi. Shi kuwa Ladan irin mutanen nan ne da ba sa ambaton ɗan fari ko yana raye, balle a gaban manya. Kunya ta riƙe masa harshe. Ya sunkuyar da kai.

"Allah gafarta malam, sai lalle."

Aka yi dariya. Alƙali ya ce lalle ai ko'ina aka dasa shi zai kama. A waje mutane suka yi ta miƙa masa hannu, wai ya ci shari'a tunda gidansa ya tsira. Haka ya yi ta amsa barka, zuciyarsa tana ƙuna.

Da ya kasa haƙuri ya sami Uwaisu shi kaɗai, ya gaya masa abin da ke ƙarƙashin lallen. Tsohon ya yi salati, ya zubar da hawaye. "Ɗana, me ya hana ka faɗa a can? Wallahi da na bar muku wurin. Yanzu ya fita hannuna, kamfanin fata ya karɓa." Ladan ya je ƙofar kamfanin, maigadi ya ce manaja yana Legas. Kafin manajan ya dawo an tayar da katanga, an malala siminti, manyan motoci suna juyawa a kai.

Zuwaira ba ta yi masa faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Maƙwabta sun riga sun kawo mata labarin kotu da dariyarsa. Wata safiya zai tafi aiki ya same ta tsugune a lungun da ya rage tsakanin ɗakinta da katangar, tana tsiyaya ruwan buta a gindin siminti. Ruwan ba ya shiga, sai ya gangaro ƙafarta. Ya tsaya riƙe da kekensa.

Ba ta ɗago kai ba. A hankali ta yi maganar, amma duk da mutuwar kunnensa ya ji ta sarai.

"Malam, ashe sai lalle?"