Zoben da ke cikin kafireta

Na'ibi makaniki ne a wani gareji a Madinar Masana'antu, kuma duk Jidda da wuya a sami mai gane kukan inji kamarsa. Shi ma ya san haka, ba ya kuma gajiya da faɗa. Shi ya ɗora ɗan ƙanwarsa Rafi'u a kan babur ɗin tseren yashi tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Da yaron ya cika sha biyar aka ɗaga shi zuwa ajin manyan babura, masu tsallake tudu biyu a tashi ɗaya.

Kwana huɗu Na'ibi yana kan sabon babur ɗin, ya daidaita sifirin ɗin ƙafafun babur da nauyin yaron, ya gyara kafireta har inji ya koma amsawa kafin a gama murɗa totur. Ranar Juma'a ya je cin abinci gidan ƙanwar tasa Zaituna a unguwar Sa'alaba, ta tare shi a bakin kicin.

"Yaya, shi kaɗai gare ni. Ka rage wa abin nan ƙarfi, don girman Allah, kada ya sani."

Mutumin da ba ya jin shawarar kowa a kan inji, hawayen ƙanwa suka karya shi. Ya saka ɗan zoben ƙarfe a cikin kafireta, yadda totur ba zai buɗe duka ba. Rafi'u ya gwada a fili bai lura ba, don ko a haka ya fi tsohon babur ɗinsa gudu nesa ba kusa ba.

Ranar tsere Na'ibi na tsaye a gefen tudun nan biyu. Tun daga kukan injin ya san ba zai kai ba. Babur ya tashi, ƙarfi ya ƙare masa a sama, ya daki ƙirjin tudu na biyu. Cinyar yaron ta karye.

Kwana biyu Na'ibi bai iya zuwa asibiti ba saboda kunya. Ya cire zoben, ya rasa inda zai jefar da shi, ya bar shi a aljihu. A rana ta uku ya je, ya sami Zaituna zaune a bakin gado.

"Ya khali, halas, Kawu, shi ke nan," in ji Rafi'u, da Hausarsa ta haifaffen Jidda. "Babur ɗinka ba shi da laifi. Wallahi na ga kamar na murɗa duka, amma ƙila hannuna ne ya ji tsoro. Ban isa ajin nan ba. Ka yafe mini, na ba ka kunya."

Zaituna ta kalli yayanta, ta girgiza kai a hankali. In ya yi shiru, ɗanta ya bar tsere ke nan, abin da take roƙo tun farko. Na'ibi ya gane duk wannan, amma ba zai iya barin yaro ya girma yana ɗaukar kansa matsoraci ba.

Ya buɗe tafin hannun Rafi'u, ya ajiye zoben.

"Ka murɗa duka, ɗana," ya ce. "Ni ne na ji tsoro."