Akumarin Duna

Mu'az ya ja igiyar har ta ci masa tafin hannu, jakin bai ɗaga ƙafa ba. Ya kafe a bakin zaure, kunnuwa a kwance, haƙarƙari a waje.

"Duna ya fi ka hankali," in ji Maikuɗi, yana jingine da rumbu yana sakace. "Ya san gidan ubansa."

Mu'az ya sake jan igiyar. Daga ɗaki ana jin numfashin Baba Hammawa, mai gidan, yana fita da ƙyar kamar ana jan buhu a ƙasa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma tun da ciwon ya kwantar da tsohon, magana ɗaya yake yi wa Mu'az: kada Duna ya hau motar masu fata. Duk ƙauyen nan na Turawa an san motar. Takan kwashe tsofaffin jakuna ranar kasuwa, ba a sake ganinsu. Maikuɗi, babban ɗan gidan, ya riga ya yi magana da direbanta.

Shi ya sa Baba Hammawa ya ba ƙungiyar kula da jakuna kyautar Duna. Suna da fili kusa da Karaye inda suke ajiye waɗanda suka gama aiki, ga rumfa ga ruwa. Amma liman ya ce kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya fita da ita, mai kyauta yana da rai. In rai ya riga fita, Duna ya zama gado.

Malama Rumasa'u, ma'aikaciyar ƙungiyar, tana tsaye da jakar magani. Ita ta daɗe tana wanke gyambon da ke bayan Duna kyauta, ita ta hana a ƙara ɗora masa komai. A-kori-kurarsu tana jira a bakin hanya.

Mu'az ya zaro kara daga dannin gidan.

"Ajiye shi, Malam Mu'az," ta ce. "Ba da duka za mu karɓe shi ba."

"Malama, lokaci fa."

"Na sani. Ajiye."

Ya ajiye. Suka gwada dusa a ƙwarya, Duna ya shinshina ya kau da kai. Suka gwada harawa. Mu'az ya sa kafaɗa ya tura shi ta baya, ya sha wutsiya a fuska. Maikuɗi ya yi dariya, ya katse ta da ya ji tarin ubansa.

"Ni fa ban hana ba," ya ce a hankali. "Kowa shaida ne. Jakin ne ya ƙi."

Inna Tasalla, matar gidan, ta ɗaga labule. Idanunta sun yi ja.

"Mu'azu, Malam na kira."

Ɗakin yana warin man zafi da kunun da ba a sha ba. Mu'az ya durƙusa ya kai kunne.

"Ya fita?"

"Ya ƙi, Baba."

"Me kuka ɗora masa?"

"Ba komai."

Bakin tsohon ya motsa, kamar zai yi murmushi. "Sakarkaru. Tsirara zai fita? Ku ɗora masa akumari. Shi bai san fita ba sai aiki."

Mu'az ya fito ya faɗa. Rumasa'u ta dubi gyambon, ta dubi ƙofar ɗakin. Can ta buɗe jaka, ta shimfiɗa auduga mai kauri a kan ciwon, ta rufe da ƙyalle.

"Kada a ɗaure," ta ce. "A ɗora kawai."

Akumarin yana rataye a rumfa, ya yi baƙi da zufar shekaru. Maikuɗi ne ya fi kusa da shi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tofar da tsinken bakinsa, ya sauko da shi, ya kaɗe ƙurar. Shi ya ɗora da hannunsa, yadda ya saba tun yana yaro.

Duna ya ɗaga kunnuwa. Ya yi atishawa, ya taka, ya shige zauren ba wanda ya ja shi. Rumasa'u ta karɓi igiyar ta bi shi. Kofatonsa suna ƙwanƙwasa daɓen zauren, ana ji har ɗaki.

Da suka fita waje ta ce, "Na karɓa da sunan ƙungiya. Ku shaida."

"Mun shaida," in ji Mu'az. Maikuɗi ma ya gyaɗa kai.

Nan take ta sauke akumarin ta miƙa musu.

Mu'az ya koma ɗaki.

"Na ji," tsohon ya ce tun kafin a gaya masa. "Ƙafar hagu har yanzu tana ja. A gaya wa yarinyar." Ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo. "Tasalla, ina kunun nan?"

Ya sha cokali biyu, ya yi barci. Bayan azahar Inna Tasalla ta taɓa shi ta yi salati. Kafin la'asar ta wuce an kai shi.

Da suka dawo daga maƙabarta, Mu'az ya leƙa tsakar gidan. Maikuɗi ya mai da akumarin mazauninsa a rumfa. A gindin turken Duna, kaji suna tonon ragowar dusa.