Gudun Kwamfutar Majami'a

Gershon ya kunna kwamfutar, ya yi ta danna maɓalli ɗaya da sauri har shuɗin allon nan ya bayyana, wanda masu gyara ke kira bayos. Nan ne ake saita yadda injin zai yi aiki tun kafin ya gama farkawa. Baba Kumai, shugaban dattawan ikilisiya, yana tsaye a bayansa riƙe da sanda. Damaris, wadda ke buga wa majami'ar takardu, tana can bakin ƙofar ofis, ta harɗe hannuwa, idanunta sun yi ja.

Maganar ba ta da tsawo. Kwamfutar ta ɗauki halin mutuwa da tsakar rana, ana cikin aiki sai ta yi ɗif. Ranar Asabar ta mutu da tsarin bikin auren 'yar fasto a cikinta, baƙi daga Gwantu da Fadan Kaje suka zauna ba takarda a hannu. Wani ya ce ya taɓa ganin Damaris tana kallon fim a kai, aka ce ai ita ta kwaso wa injin cuta. Dattawa suka yanke cewa za a karɓe aikin, ta kuma zauna horo a bencin baya. Fasto ne ya roƙa a bari Gershon mai gyara ya zo daga Kafanchan ya duba tukuna.

Gershon ya gangara zuwa layin da ke nuna gudun furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Masu ƙira sun yi ta don biyu da ɗigo takwas. Abin da ke rubuce a gabansa uku da ɗigo shida ne.

Ya san hannun da ya sa haka. Shi ya zaɓo wa ikilisiya injin a kasuwar 'yan gwanjo, ya cika baki ya ce ya fi sabo. Ranar da aka kawo shi, Baba Kumai ya ga yadda yake jan ƙafa, ya ce a gaban jama'a ashe hawainiya aka sayo musu, kowa ya yi dariya. Gershon ya jira aka watse, ya shiga bayos ya ƙara gudun, ya ƙara wuta, kamar mai ɗora wa babur buhunan citta fiye da ƙarfinsa. A lokacin damina ce, gari da sanyi, injin ya jure. Yanzu zafi ya sauka a kan kwanon rufin ofis. Sauri ya haifi nawa.

Gumi ya karyo masa. Ya mayar da lambar inda take tun asali, ya rage wutar, ya adana, ya sake kunnawa. Ƙugin fankar injin ya lafa. Aikin bai kai a sha ruwa ba, kuma babu wanda ya gane abin da ya taɓa. Yana iya ɗaukar jakarsa ya kama hanya.

"To, ɗana, ka cire cutan da yarinyan nan ya sa?" in ji Baba Kumai.

Gershon ya dubi Damaris. Tare suka yi ajin baftisma. Ita kuwa ƙasa take kallo.

"Baba, babu cuta. Ni na ɓata shi."

Ya yi bayani cikin in'ina, yana sosa ƙeya, ya faɗi batun hawainiya da abin da ya yi bayan an watse. Baba Kumai ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi murmushi, ya dafa masa kafaɗa. Ya ce ya san mahaifin Gershon, haka shi ma yake, mai ɗaukar nauyin wani a kansa. Ya ce rufa wa 'yar'uwa asiri abu ne mai kyau, Ubangiji zai sāka, amma dattawa ba yara ba ne, kuma ba a horon mutum don ƙiyayya.

Da zagi aka yi masa da ya fi sauƙi. Gershon ya ji yabon nan kamar an watsa masa ruwan barkono. Ya ga Damaris ta juya za ta fita.

"Sista, tsaya," ya ce. "Baba, a ba ku kujera. Ku zauna ku gani da idonku."

Ya sake shiga shuɗin allon. Ya nuna wa tsohon lambar da ɗan yatsa, ya sa shi ya karanta da bakinsa, sannan ya mayar da ita uku da ɗigo shida. Ya rufe tagar ofis don kada iska ta shigo. Ya buɗe wa injin aiki mai nauyi, ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya, don kada a ce ya taɓa wani abu. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, shi dai tasa ya shimfiɗa ya zauna a kai.

Fanka ta fara kuka. Gershon ya ce Baba ya taɓa gefen akwatin injin, tsohon ya taɓa ya janye hannu da sauri saboda zafi. Can sai allon ya yi baƙi, ofis ya yi tsit, har ana jin 'yan Zumuntar Mata suna gwajin waƙa a cikin majami'a.

Baba Kumai ya daɗe yana kallon baƙin allon. Ya goge fuska da tafin hannu. Bai dubi Gershon ba, ya ce masa ya rage wa abin gudu ya bar shi ya yi tafiyarsa yadda Allah ya hore masa. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya dogara sanda har bakin ƙofa, ya tsaya kusa da Damaris yana kallon bishiyar mangwaro da ke waje.

"'Yata," ya ce a hankali, "kin ci abinci yau kuwa?"