Takalman Sammani

Maciji ne ya sari Sammani a gonar albasa a Watari, aka kawo shi asibiti a kan babur. Ƙaninsa ya shige da shi ɗakin gaggawa, aka rufe ƙofa. Mahaifiyarsu Hure ta zauna a benci tana riƙe da takalmansa na roba, duk laka.

Tsoro ya cika mata ciki, amma ba ta tambayi kowa ba. Sammani ɗan farinta ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Irin su Hure, ko wuta ce ke cin zuciyarsu, sai dai su gyara mayafi.

Da can a asibitin nan sai ka bushe a benci ba mai ce maka uffan. Yanzu kuwa an sa nas Ramlat ta riƙa fitowa tana gaya wa masu jira halin da ake ciki. Ta fito ta ce, "Ina mahaifiyar Sammani?"

Hure ta kafe ƙasa da ido. Ramlat ta sake kira, har za ta juya, sai ta hango takalman maza a cinyar tsohuwa. Ita ma a ƙauye ta tashi, nan take ta gane. Ta zo ta zauna kusa da ita.

"Sannu Inna. In kin ga mutanen wani manomi daga Watari, don Allah ki gaya musu an yi masa allura, kumburin ya tsaya. Yana magana, har yana mitar albasarsa ba ta sha ruwa ba."

Hure ta sauke numfashi, hawaye suka zubo mata. Ta ce, "To, 'yar nan. In na gan su zan faɗa."

Ramlat ta miƙe, ta ɗan yi murmushi. "Af, ga shi kuma ba takalmi a ƙafarsa. Ko za ki taimaka ki miƙa masa waɗannan?"

Hure ta goge lakar da bakin mayafinta. Ta ce, "Ai bai kamata a bar ɗan mutane ba takalmi ba."

Kafin Ramlat ta kai ƙofa, tsohuwa ta riga ta.