Langosh a Harabar Coci

A shekarar da ruwan Balaton ya ja baya, mutum kan yi tafiya mai nisa cikin tafkin ruwa bai wuce masa gwiwa ba. A irin wannan tafiya wani mai wanka ya yi tuntuɓe da ƙarfe cikin laka. Ya sunkuya ya shafa, ya fito a guje yana ihu.

Ni ina rumfata a bakin ruwa, na gama kwaɓin langosh, wainar fulawa da nake soyawa, roba biyu na rufe da tsumma. Ko mai ban ɗora ba sai ga Vilmos ɗan sanda, wanda tun yana rarrafe na san shi.

"Goggo Jolán, a rufe. Kowa ya hau tudu. Bam ne, na yaƙin duniya."

"Kwaɓina fa?"

"Goggo, bam nake ce miki!"

"Na ji. Shi ai ya saba jira tun kafin a haife ni. Kwaɓi kuwa in ya tashi ba ya jiran kowa."

Dezső mai soya kifi a rumfar gefena ya leƙo. "Ki bar shi nan mana. In abin ya fashe sai ya gasu gaba ɗaya, mu huta da warin tafarnuwarki."

Ina cikin rama masa motar sojojin kwance bam ta tsaya. Mutum na uku da ya diro daga cikinta 'yata ce, Tünde. Na san aikinta, ta daɗe a cikinsa, amma kullum a wani gari ake yi, ni labari kawai nake ji bayan an gama. Yau ga ta tana jawo kayan nutso daga bayan mota.

Na tare ta. "Duk mazan nan, ke za ki shiga?"

"Mama, ki hau sama."

"Kin ma karya kuwa?"

"Mama!"

Ba ta ko dube ni ba. Dezső ne ya ja hannuna, ya loda robobina da kasko da tukunyar gas a motarsa tare da nasa kayan, muka haura zuwa harabar coci inda aka tara jama'a.

Daga can ana hango tafkin ta tsakanin bishiyoyi. Mutane cike, wasu da kayan wanka, tawul a wuya, yara na kukan an raba su da ruwa. Na zauna kan benci, na tashi. Na je bakin katanga, na dawo. Na buɗe roba, kwaɓi ya kumbura yana neman zubowa. Sai kawai na kunna wuta.

Langosh na farko ya ƙone. Ni da na tsufa a kan kaskon nan! Na jefar, na sake gutsuro wani, na buɗa shi da yatsu har tsakiyarsa ya yi siriri, na saka a mai. Kafin ya yi ja, layin masu saye ya kai ƙofar coci.

A cikin layin akwai wani tsoho dogo, rigarsa a ɓalle har wuya, da takalmi sau-ciki a wannan zafi, ga madubin hangen nesa rataye a ƙirjinsa. Da ya iso gabana ya tambaya da Jamusanci mene ne wannan. Duk mai sana'a a bakin Balaton yana ɗan jin harshen, sai na ce masa fulawa ce da yis, a soya, a shafa tafarnuwa, a zuba kindirmo da cuku.

"Likita ya hana ni mai," in ji shi.

"To Baba, ka matsa wa na bayanka."

Ya matsa gefe, amma bai tafi ba. Ya ce sunansa Ottmar. Mahaifinsa direban tankar yaƙi ne a rundunar Jamusawa, an kawo su nan a bazarar ƙarshe ta yaƙin, lokacin da laka ta haɗiye motocinsu, bai koma gida ba. Shi kuma bayan 'yan watanni aka haife shi. Bai taɓa zuwa ba sai yanzu, kuma tun jiya yake zagaye bakin ruwa bai san ma inda zai kalla ba.

Ya yi 'yar dariya. "Wa ya sani, bam ɗin nan ma ƙila da hannunsa ya ɗauke shi."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. "To 'yata ce a ruwa tana kwashe sharar ubanka."

Dezső ba ya jin Jamusanci, amma ya ga fuskata. "Jolán, me kika ce wa bawan Allah?"

Tsohon ya cire madubin daga wuyansa ya miƙo mini. "Wacce ce?"

Na goge hannu na karɓa. Ban ga komai ba sai ruwa da sama suna tsalle. Na mayar masa. "Ita kaɗai ce mace. Ƙarama, kusa da kwalekwalen roba."

Ya kafa madubin a idonsa, ya jingina da katanga. "Na gan ta. Tana magana da wani. Yanzu ta nutse."

Na juya langosh.

"Har yanzu tana ƙasa."

Na tsamo, na saka wani.

"Ta fito. Ta ɗaga hannu, an ba ta igiya. Ta sake komawa."

Haka muka yi ta yi, shi yana faɗa ni ina suya. Ya yi shiru in ce "Ya ya?", ya ce "Ba komai, kumfa ce ke tasowa." Da na ga leɓensa ya bushe, na shafa wa ɗaya tafarnuwa, na lafta kindirmo da cuku, na ɗora masa a takarda. Ya dube shi, ya tambayi wuƙa da cokali mai yatsu.

Na fassara wa Dezső, ya kwashe da dariya. "Ki ce masa mu jira a kawo teburi da kyandir."

Ottmar ya gane da shi ake. Ya yago gefe da hannu ya kai baki, kindirmo ya gangaro masa a haɓa ya ɗiga kan madubin.

"Tafarnuwar ta yi yawa," ya ce. Ya sake yaga. Da hannu ɗaya ya cinye shi tas, ɗayan na riƙe da madubi.

Rana ta take tsaka kafin suka ɗaga abin da igiyoyi, suka ja shi a hankali can nesa da gaɓa, suka dawo. Aka busa jiniya, aka fasa shi. Ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafata, ruwa ya tashi sama baƙi ƙirin da laka, tsuntsaye suka watse daga rufin coci. Jama'a suka hau tafi. Ni kuwa na zauna kan robar da ba komai a ciki.

Tünde ta hauro da jiƙaƙƙen gashi, ta sumbace ni a kumatu, ta leƙa robobi. "Mama, ko guda ba ki rage mini ba?"

"Wa ya ce ki daɗe?"

Ottmar ya matso ya gaishe ta, ya tambaye ta bam ɗin na wane ɓangare ne. Ta ce na Rasha ne, daga jirgin sama aka sako shi.

Ya gyaɗa kai. "A kan su babana aka jefa ke nan."

Ya goge madubinsa da hankici, ya tambayi Vilmos hanyar tashar jirgin ƙasa, ya gangara.

Na ce wa Tünde mu je gida in sake kwaɓi. Ban rufe baki ba motarsu ta yi hon daga ƙasan tudu. Wani manomi a ƙauyen gaba ya tono wani bam ɗin da garmarsa. Dezső ya naɗe mata kifi a takarda, ta karɓa ta ruga tana ci.