Na'urar da Ta San Girman Manya

A duk faɗin ƙasar Kazaure, daga Roni har Gwiwa, ba a taɓa yin na'urar da ta san girman manya ba sai ta ƙungiyar manoman da Alhaji Maikasuwa ke shugabanta. Shi ya faɗa da bakinsa ranar ƙaddamarwa, a ƙarƙashin rumfa, aka yi tafi. Ya ƙara da cewa na'ura ba ta ƙarya, ba ta da ɗan uwa, aka sake yin tafi.

Aikin na'urar ba wani mai wuya ba ne. Ƙungiyar tana da tarakta biyu, ɗaya na tafiya, ɗaya na hutawa a kan duwatsu tun bara. Manomi zai nemi tarakta ta wayarsa, saƙon ya tafi wurin sabar, wato babbar kwamfutar da ke rabon layi, ita kuma ta amsa da ranar da za a zo masa, ko ta ce babu.

Wannan “babu” ce ta hana Alhaji sakat. Ya kira Zaharadeen, injiniyan da ya haɗa abin, mutumin da ya yi digiri biyu kuma ya gaji da duka biyun.

“Zaharadeen, wa ya yi wa abin nan tarbiyya?”

“Ranka ya daɗe, lissafi kawai take yi.”

“Lissafi! Jiya ta ce wa yayan mahaifiyata babu. Haka tsirara, ko sallama. Kai za ka iya duban mai furfura ka ce masa babu?”

“Ba zan iya ba, ranka ya daɗe. Shi ya sa muka sa na'ura.”

Alhaji bai ji wannan ba, domin kunnensa na zaɓen abin da zai ji tun yana darakta. Zaharadeen ya koma ofis ya gina abin da ya kira ɗan aike, wata ƙaramar manhaja da ta zauna tsakanin wayoyin manoma da sabar. Duk buƙatar da ta taso sai ɗan aike ya tare ta, ya duba shekarun mai ita, ya bar ta ta wuce. Amsa in ta dawo, ya sake tarewa. In “babu” ce kuma mai nema yaro ne, ya miƙa masa abarsa yadda take. In dattijo ne, ya ajiye “babu” a gefe, ya aika masa: “Ranka ya daɗe, an ji, za a duba in sha Allahu.” Ba hannun kowa, ba dare ba rana. Zaharadeen ya gwada, ya ga yana aiki lafiya lau, abin da ya ƙara masa gajiya.

Damina ta sauka. Samari suka nemi tarakta, aka ce musu babu, suka zagi ƙungiya da shugabanta, suka je suka nemi garmar shanu, suka yi huɗa, suka shuka.

Malam Daudu na wani ƙauye a Gwiwa ya haura saba'in. Gyaɗa yake so ya sa a gonarsa ta bakin rafi, irin da ya ɓoye tun kaka, ya hana kowa taɓawa. 'Yarsa Rahamatu ce ta aika masa buƙatar, ta karanta masa amsar.

“Baba, za a duba fa aka ce.”

“Na ji.”

“Kai da kanka haka ka ce wa masu neman aron jakinka.”

“Ke, Rahamatu, da mutum ne ya faɗa da na gane. Mutum kunya yake ji. Wannan ƙarfe ne, kunyar wa zai ji? Ina wurin lokacin da Alhaji ya ce ba ta ƙarya.”

Maƙwabcinsa Mamuda ya biyo da shanunsa da safe, ya durƙusa ya gaishe shi.

“Baba, in shiga gonarka kafin in wuce Roni? In na tafi sai na gama da su can.”

“Je ka abinka, ɗana, Allah ya yi albarka. Ni tarakta za ta zo.”

“Wacce daga ciki, Baba? Mai ƙafa ko ta kan dutse?”

“Ka ji ɗan banza. Wuce.”

Mamuda ya wuce yana dariya. Aka yi ruwa, aka sake yi. Duk bayan ruwa Rahamatu ta sake aikawa, ɗan aike ya tare, ya gaishe da Malam Daudu cikin ladabi. Gonakin maƙwabta suka yi kore, tasa ta cika da ciyawa. Da Mamuda ya dawo, lokacin gyaɗa ya riga ya wuce.

Malam Daudu ya sa babbar rigarsa, ya hau acaɓa zuwa Kazaure. Ya tarar da Alhaji a ofis, Zaharadeen na gefe yana kallon ƙasa. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa.

“Malam, ya ka ga na'urarmu?”

“Ai ranka ya daɗe, akwai ladabi.”

“Ka ji ko, Zaharadeen? Bana ko dattijo ɗaya bai kawo ƙara ba.”

“Haka ne, ranka ya daɗe,” in ji Zaharadeen.

Malam Daudu ya ga ba wurin sa maganar ba tare da ya kunyata babban mutum a ofishinsa ba. Ya yi godiya, ya nemi takalmansa.

Washegari ya ɗauki fartanya ya shiga ciyawar, ko zai sami gefen da zai yafa wake. Kafin ya fita ya sauko da buhun irin daga rumbu, ya ajiye a ƙofar ɗakin matarsa Fatu.

“Ki yi ƙuli da shi,” ya ce. “Kada ya lalace.”