Mudu Ɗaya da Ɗoriya

Tokie Honma ba ta ko jingine kekenta da kyau ba ta ɗaga labulen shagon Togashi ta faɗa ciki, waya a hannu, numfashi sama-sama. Keken ya yi tangal-tangal a bayanta ya kife, ba ta waiwaya ba. Shekararta sittin da tara, ga ciwon gwiwa da take ba kowa labarinsa, amma safiyar nan da gudu ta ratso rabin garin Tsuruoka na ƙasar Japan.

"Gen-chan, ka jiƙa shinkafar?"

Genzo Togashi, mai shagon, wanda take kira Gen-chan, yana sunkuye yana jera kayan zaƙi a akwatin gilashi, waɗansu kamar ganyen da ya fara ja, waɗansu 'yan fararen zomaye masu jajayen idanu, cikinsu jan wake da sukari. Tare suka yi firamare da Tokie, kuma tun lokacin bai taɓa amsa mata tambaya a karon farko ba. Sai da ya daidaita kunnen zomo na ƙarshe sannan ya ɗago.

"A unguwarmu dai ana gaisawa tukuna."

"Ina kwana. Ka jiƙa?"

Kafin ya amsa ta tura masa wayar har tana taɓa masa hanci. A ciki wata 'yar dumurmur ce ta saki ƙafar kujera, ta ɗaga hannuwa sama, ta ratsa falo guda tana ƙyalƙyala dariya. Jikarta ce, Koharu. Jiya da yamma mijin 'yarta ya turo hoton bidiyon daga birnin Naha, kuma daga jiya zuwa yau Tokie ta nuna wa mai kawo wasiƙa, da mai sayar da kifi, da wata mata a bakin gada wadda ko sunanta ba ta sani ba. Ta sa Genzo ya kalla sau uku, tana ƙirga masa takun da ƙarfi. Goma sha huɗu ne, kuma duk wanda ya ce sha uku ya shiga uku da ita.

Gobe Koharu ke cika shekara ɗaya. Yau da la'asar za su sauka, ita da iyayenta, bayan hawa jirgin sama biyu. Tun wata guda da ya wuce Tokie ta ba da aikin mochin bikin: shinkafa mai danƙo mudu ɗaya cur, a turara, a kirɓa, a mulmula ta zama ƙaton curi fari, a rubuta sunan yarinya da ja a kai, a ɗaure a ƙyalle a goya mata. Yaron da bai fara tafiya ba, da an ɗora masa zai zauna daɓas, a yi dariya a ci abinci. Matsalar tana ga wanda ya fara tafiya kafin ya cika shekara. Tsofaffin garin sun ce irin wannan nesa da gida yake zuwa ya zauna, sai dai in ya faɗi da goyon a ranar. In kuwa ya ƙi faɗuwa, wani babba ya sa hannu ya ɗan ture shi.

Tokie ta san wannan fiye da kowa. Shekara talatin da shida da suka wuce 'yarta Misuzu ta ɗauki nata mochin ta miƙe tsaf ta nufi ƙofa. Uwar mijin Tokie ta zungure ta, ta raɗa mata ta ture yarinyar. Tokie tana ji da ƙuruciya da boko, ta ƙi, har da cewa a bar yarinya ta nuna ƙarfinta. To, ta nuna. Tana sha takwas ta tafi Tokyo, daga can ta zarce Naha, iyakar inda ƙasa ta ƙare. Sau ɗaya take zuwa a shekara, wata shekarar ma sai dai murya a waya. In Tokie ta tayar da zancen, Misuzu kan yi dariya ta ce camfin tsofaffi ne. Tokie ma takan taya ta dariyar, amma abin bai taɓa barin ranta ba.

Ta waiga hagu da dama, duk da ba kowa a shagon, ta rage murya.

"Ka ƙara shinkafar. Kaɗan, yadda ba za a gane da ido ba."

"Mudu mudu ne," in ji Genzo.

"Wa zai auna?"

"Ni zan sani. Kakana ya yi da mudun nan, babana ya yi da shi. Ki ture ta mana, kamar yadda kowa ke yi."

Ta ce ba za ta iya ba. Misuzu na kallo, ta sa hannu ta ture 'yar mutane? Ai sai a kwashe kaya a koma filin jirgi. Kuma ko ba mai kallo, hannunta ba zai tafi ba, ta gwada a kan matashin kai da safen nan har ta ba matashin haƙuri. Amma in nauyi ne ya zaunar da yarinya, ba laifin kowa.

Genzo ya goge gilashin da ba ya da datti.

"Toki, ko ta faɗi sau goma, a Naha za ta zauna wajen uwarta. Ba nan za ta dawo ba."

"Na sani. Ce maka aka yi don kaina nake yi?" Ta kife wayar a kan akwatin. "Ni tawa ta riga ta wuce. Ba na so Misuzu ta tsufa tana dafa shinkafar mutum ɗaya, shi ke nan."

A nan Fusako, matar Genzo, ta fito daga ciki da koren shayi da zomo ɗaya a ɗan faranti. Ba a shiga shagon nan a fita baki a bushe, ko da rigima aka zo. Tokie ta ce ba ta da lokacin shayi, ta zauna ta sha. Ta yanka zomon da ɗan tsinken itace, ta kai baki, waken ya narke mata a harshe, sai da ta lumshe ido. Haushin duniya ya kama ta, don da wuya ka yi faɗa da mutum kana cin abin hannunsa yana maka daɗi haka.

Amma ba ta saki ba. Ta bi ta lallashi, ta tuna masa wanda ya riƙa ba shi amsar lissafi a aji huɗu. Ta bi ta kunya, ta ce mutumin da 'ya'yansa uku duk suna zaune a unguwa ɗaya da shi ina zai san zafin abin. Daga ƙarshe ta miƙe ta ce za ta je babban kanti ta sayo mochin inji, ta liƙa a ƙarƙashin nasa, kowa ya ci ya ce hannun Togashi ya lalace. Kunnuwan Genzo suka yi ja, amma bakinsa ɗaya: mudu mudu ne.

Fusako ta ajiye tire.

"Malam, nuna mata kawai. Matar nan za ta kore mana masu saye."

"Na yi alkawari."

"Kai ka yi. Ni ban yi wa kowa ba."

Ta kama hannun rigar Tokie ta ja ta ciki. Shekara sittin Tokie na zuwa shagon nan, ba ta taɓa wuce labulen baya ba sai yau. Ɗakin cike yake da tururi da ƙamshin dafaffen wake. Ga turmin dutse a tsakiya, ga bokitan katako jere a gindin bango, kowanne da takardar suna. Fusako ta buɗe na ƙarshe. Koharu.

Macen da ta yi shekara hamsin tana auna shinkafa ba ta bukatar mudu. Kallo ɗaya Tokie ta yi wa inda farar shinkafar ta kai a ƙarƙashin ruwa ta san ta haura. Ta juyo da fara'a har kunne, ta nuna Genzo da yatsa, wanda ya biyo su ya tsaya a bakin ƙofa kamar an kama shi da satar nama.

"Tsohon munafuki. Ashe ka riga ka yi mini, kake ta wahalar da bakina?"

"Ba ke na yi wa ba," ya ce.

Fusako ce ta ƙarasa. Kwana goma da suka wuce, ranar da Koharu ta fara takawa, waya ta yi ƙara a shago. Misuzu ce daga Naha. Ta gaishe su, ta tambayi gwiwar mamarta, ta yi ta kewaye-kewaye har Genzo ya ce waken da ke wuta zai ƙone. Sannan ta roƙi a ƙara shinkafar, kuma kada mamarta ta ji, don za ta yi mata dariya har ƙarshen rayuwa. Shi ya sa ma ba ita ta turo hoton ba.

Tokie ta sauke yatsan da take nuna Genzo da shi.

"Misuzu? Mai cewa camfi ne?"

"Ita," in ji Genzo. Ya sosa ƙeya. "Na ce mata mudu mudu ne. Sai ta ce, 'Kawu, da ta saki hannuna ta tafi, ko waiwaye ba ta yi ba. Ban san yadda Mama ta jure ba. Ni dai ba zan iya ba.' Me kike so in ce mata?"

Tukunya na ta huci a kan wuta. Tokie ta durƙusa gaban bokitin, gwiwar da ciwon duka, ta tsoma hannu ta ɗebo shinkafar tana kallon ruwan na tsiyaya ta tsakanin yatsunta. Daɗi da tausayi suka haɗu mata, ta rasa wanne za ta fara yi, dariya ko kuka, sai ta yi duka biyun kaɗan-kaɗan, ta share ido da bayan hannu.

"Nawa ta ce a ƙara?"

"Tafi biyu."

"Tafi biyu." Ta girgiza kai. "Yarinyar da ta yi taku goma sha huɗu? Misuzu ba ta san jininta ba."

Ta dafa bango ta miƙe, ta nufi buhun da ke kusurwa, ta cika tafinta fal, ta kai bakin famfo ta wanke da kyau. Fusako ta riƙe mata murfin bokitin. Genzo ya juya musu baya ya shiga gyara wutar tukunya, wadda ba abin da ya same ta.